Kwalaben Dakta Halima Suna Kulle

Cikin alhini da miƙa lamari ga Allah, Ƙungiyar Mata Masu Sayar da Kayan Marmari ta Kazaure, Roni da Gwiwa ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma abokiyar cinikinmu, Hajiya Dakta Halima Sa'adiyya Kawu, ranar Asabar, bayan gajeriyar rashin lafiya.

Shekara goma sha ɗaya Hajiya Dakta tana zuwa rumfunanmu neman ayabar da ta lalace, domin ciyar da ƙananan ƙudajen nan masu bin kayan marmari, waɗanda take kiwo a kwalabe tana nazarin ƙwayoyin gadonsu. Ba ta taɓa raina karatunmu ba. Ita ta zaunar da ni gaban madubin bincikenta mai ƙara girman ƙananan abubuwa, ta nuna mini cewa uwar ƙuda ce ke ajiye wani sinadari a gefe ɗaya na ƙwanta, shi ke shaida wa ɗan tayi inda kai zai fito, kuma ƙwan da ya rasa shi yakan zama tsutsa mai wutsiya biyu, babu kai. Ta ce ta irin wannan ake fahimtar yadda jariri ke ginuwa a ciki.

Manyan cibiyar da ta yi wa aiki, waɗanda suka yi shekaru suna kiran ta mai kiwon ƙuda, mun gan ku a gidan makoki da manyan riguna, kuma ba mu karɓi hawayenku ba. Kun garƙame ɗakin bincikenta, wai girmamawa ce har a yi sadakar arba'in. Da kun taɓa leƙa ɗakin, da kun san duk mako biyu ake sauya wa ƙudajen abinci. Rabonsu da sabon abinci yau kwana goma. Idan suka mutu, aikinta ya bi ta, kuma ku kuka binne shi.

Ga maigidanta, Alhaji Malam Falalu Roni, da 'ya'yanta, muna roƙon Allah Ya ba ku haƙuri da juriya, Ya jiƙan ta, Ya sa Aljanna ce makomarta.

Ɗalibarta Mu'minat ta iya sauya abincin. Ranar Alhamis da hantsi za mu raka ta ƙofar ɗakin da kwandon ayaba, kuma ba za mu tashi ba sai an kawo makulli.

Batulu Muhammadu Lawal
Mai Magana da Yawun Ƙungiya
Kazaure