Bayan Kwalina

Lahadi, 3 ga Yuni
Teuila na da ciki, wata huɗu! 'Yata tilo, bayan ɓari biyu. Ana tsakar cin gwaza da madarar kwakwa ta faɗa. Na rungumi mijinta har ya ƙware.

Asabar, 9 ga Yuni
Majalisa a Sydney ta yi doka: ba mai zanga-zanga kusa da asibitin da ake zubar da ciki, sai ya ja baya mita ɗari da hamsin. Faleolo, jagoran mawaƙan cocinmu, ya ce, "An ɗinke mana baki, ɗan'uwa!" Nima na ji zafi. Sai da furfura na koyi rubutu a ajin yamma, da hannuna na rubuta kwalin da nake ɗagawa in ƙungiyarmu ta taru a ƙofar asibitin.

Talata, 26 ga Yuni
Teuila ta ƙi zuwa awo, ga ƙafafunta sun kumbura. Na hau faɗa. Uwarta, Mareta, ta ce, "Kai tsoho, likitarta a ginin da kuke zanga-zanga take! Ranar da aka yi mata wankin ciki bayan ɓarin bara, wata 'yar ƙungiyarku ta cusa mata hoton jariri a hannu."
Ban sani ba. Shayina ya huce a gabana.

Asabar, 30 ga Yuni
Na faɗa wa Teuila yanzu ƙofar ba kowa. Ta ce, "Baba, ka tabbata?" Muna waƙa a kwanar gidan burodi, inda dokar ta mayar da mu, na hango ta, ta shiga kanta a sama. Faleolo ya ce na yi tsallaken baiti.

Litinin, 2 ga Yuli
Jininta ne ya hau. An tare shi da wuri.

Litinin, 19 ga Nuwamba
Mace! Kilo uku, hancina sak, baiwar Allah. Ra'ayina na nan, kuma daga kwana ma Allah na jin waƙa. Faleolo ya bugo, wai a je majalisa a nemi soke dokar. Na ce gwiwata na ciwo. Ya ce, "Gwiwar da ka yi rawa da ita ɗazu?"
Na juya kwalina na rubuta sunanta, MALIA, a baya, na kafa a ƙofar gida. Na ce ya kwaso mawaƙan duka, da maƙwabta, kowa ya zo ya ganta. A nan su matso yadda suke so.