Aro Ne, Amarya

Asabar, 12 ga Afrilu
Yau an ba ni gona! Yaya Babba, wan mijina, ya kai ni bayan gari ya nuna da sanda, daga surin nan zuwa wancan kututturen. Ya ce, "Aro ne, amarya." Na yi ta godiya. Duk duwatsu ce, amma ni da na tashi a ɗakin haya a birni, ban taɓa samun ƙasar da zan ce tawa ba.

Talata, 22 ga Afrilu
Sai na gama aikin gonar gida da girki nake samun zuwa tawa. Kwando tara na duwatsu na kwashe yau. Gwaggo, tsohuwar da gonarta ke jikin tawa, ta tsaya tana kallona. Ta ce, "'Yar birni, kar ki gyara ta da yawa." Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Nata duwatsun suna nan, a tsakaninsu take shuka. Ina ga ƙyuya ce kawai, Allah ya yafe mini.

Laraba, 14 ga Mayu
Kashin awaki, a ka, sawu shida. Wayyo wuyana.

Juma'a, 20 ga Yuni
Shanun huɗa sun gama gonakin maza, aka ce sun gaji. Da fartanya na yi tawa. Tafin hannuna ya fashe, biro ma da ƙyar.

Lahadi, 17 ga Agusta
Masarata ta fi ni tsawo! Yaya Babba ya biyo ta wajen, ya duƙa ya ɗebi ƙasa ya murza. Ya ce, "Ashe wurin nan yana da kyau." Da gudu na je na gaya wa Gwaggo. Ta ce, "Har ya murza? To, ci masararki ta bana da kyau." Me take nufi?

Alhamis, 23 ga Oktoba
Buhu huɗu. Nawa.

Litinin, 3 ga Nuwamba
Mijina ya ce baɗi Yaya Babba ne zai noma gonata, ni za a nuna mini wani wuri. Na ce duwatsun fa? Takin fa? Ya ce, "Ai aro ya ce, ba ki ji ba? Rage murya, Inna na ji." Uwar mijin nawa ta ji kuwa. Daga ɗakinta ta ce, "Ni sau biyar aka canza mini, ban mutu ba."
Na ji ya ce aro. Ban san sai ta yi kyau ake karɓa ba.

Asabar, 11 ga Afrilu
Sabon wurin ya fi na bara duwatsu. Na kai kwando, na kife shi na zauna a kai. Amaryar ƙanen mijina, ita ma an nuna mata nata yau, ta zo da murnarta. "Yaya, ara mini kwandonki." Na miƙa mata. Ban san lokacin da na ce kar ta gyara ta da yawa ba.
Ta yi dariya.