Makullin Ɗakin Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Anti Rabi da yara? Ya ƙafar taka? Mu nan Gafasa lafiya lau.

Ɗanka Aminu ya kusa gama karatun likita, ya zo shawarar ɓangaren da zai ƙware. Na ce ya ɗauki ido ko yara. Sai ya shiga ɗakin da muka ɗaure Baba lokacin da hankalinsa ya taɓu, ya daɗe yana kallon turken. Ya fito ya ce, "Umma, likitan ƙwaƙwalwa zan zama." Muryar Baba sak, Yaya.

Na kasa gaya masa ni ce mai kulle ƙofar.

Ka gaida kowa, ka sa ni a addu'a. Makullin yana akwatina har yau.

Ƙanwarka,
Hadiza