Hanyar Iya Da Ba Mu Auna Ba

Bariga, Legas.

Zuwa ga Gwaggona Mulika,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina durƙushe bisa gwiwoyina biyu ina gaishe ki, kamar yadda zan yi da a ce kina gabana. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya sa albarka a kasuwarki ta Abijan, ya raba ki da ciwon bayan nan da kike yawan kuka da shi. Mu ma nan muna lafiya. Mama ta sami ɗan shago a bakin titinmu ta ajiye kekenta na ɗinki, ciniki yana zuwa a hankali. Ƙanwata Mutiyat haƙoranta na gaba sun zube, ta daina dariya a gaban mutane. Ni kuma muna shirin jarrabawar ƙarshen zango, ina roƙon addu'arki, musamman a kan lissafi.

Gwaggo, kin san halina. In aka miƙo mini waya sai harshena ya yi nauyi, in yi ta cewa lafiya lau, lafiya lau, har a karɓe. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba Alhaja Risika mai fatauci zuwa Abijan ta kawo miki in za ta koma da kayanta. Baba bai sa ni ba, bai ma san ina rubutawa ba. Ranar da kika kira shi ina bakin ƙofa ina wanke-wanke, na ji kina cewa ya ba baƙi gidan ubanku na Ikorodu, ya tura uwarku ɗakin ajiya kamar tsohon tulu. Kina gama faɗa kika kashe wayar. Tun daga ranar bai ƙara jin muryarki ba, kuma abin yana cin sa. Abin da aka gaya miki ba ƙarya ba ne, amma rabinsa ne. Ki yi haƙuri ki bari in ba ki sauran, ko da yake ni yarinya ce, ba a sa ni cikin maganar manya ba.

Kin bar Legas tun hanyar Ikorodu tana da sauƙi. Yanzu ba haka take ba. Baba yana aiki a kan injin buga takardu a Shomolu, kuma lokacin da muke Ikorodu, in yana so ya isa kan lokaci sai ya fita kafin kiran sallar asuba, ya yi sallarsa a tasha. Da yamma kuma cunkoson motoci ya riƙe shi a Ketu, ya dawo mun riga mun yi barci. Mutiyat ta taɓa tambayar Mama wai wannan Baban namu na ranar Lahadi ne kawai, ina na sauran ranakun? Mama ta yi dariya, amma ni na ga idonta. A gidan duka mahaifiyarku Iya Agba ce kaɗai take ganin sa kullum, don ita ma da wuri take tashi. Zai je ƙofar ɗakinmu ya kwanta rub da ciki ya gaishe ta, ta ɗora hannu a kansa ta yi masa addu'a, sannan ya ɗauki jakarsa. Ina jin su cikin barci. Haka aka yi ta yi har ranar da gyangyaɗi ya ɗauke shi a tsaye a gaban injin, injin ya cire masa kan yatsa ɗaya. Maigidansu ya ce masa shi ba zai jira ranar da zai tsinci hannu guda a cikin takardun mutane ba, ko dai ya matso kusa ko ya nemi wani aikin.

Daga nan aka shiga neman gida. Ba a yi gaggawa ba, Gwaggo, wallahi an yi tunani. Duk gidan da dillali ya nuna, sai Baba ya taka da ƙafa daga ƙofarsa har wurin aiki ya ji yadda nisan yake. Mama ta duba inda za ta riƙa sayo zare da yadi. Aka duba makarantar da za a mayar da ni da wadda Mutiyat za ta shiga, har aka tambayi maƙwabta ko ruwa yana shiga layin da damina. An auna hanyar kowa. Ta Iya ce kaɗai ba a auna ba, don a ganinmu ita ba ta zuwa ko'ina. Da aka tambaye ta sai ta ce duk inda muka ga ya yi, ya yi. Abu ɗaya kawai ta ƙara, wai an gaya wa masu shigowa haya cewa Alhaji yana nan? Tana nufin kabarin Kaka, mijinta, da ke tsakar gida gefen bishiyar lemo. Baba ya ce an gaya musu, ai Alhaji ne kaɗai ɗan hayar da ba zai biya ko kwabo ba kuma ba mai tashinsa. Duk muka yi dariya. Iya ma ta murmusa, ta ci gaba da tsinke ganyen miyarta.

Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa tun ranar da aka binne Kaka, ba a taɓa wayewar gari Iya ba ta share kabarin nan ba. Ta share, ta goge tayil ɗin da jiƙaƙƙen tsumma, ta zauna a gefe ta yi masa addu'a, sannan ta ba shi labarin gida: wanda ya haihu, wanda ya ƙi biyan bashi, yadda tumatir ya yi tsada. Mun saba da ganin haka har mun daina gani.

Makonnin farko a Bariga sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Ɗaki biyu ne a saman bene. Baba yana shan koko da ƙosai tare da mu, ya raka Mutiyat makaranta, ya wuce aiki da ƙafa yana gaisawa da mutane. Mama ta riƙa tsokanarsa wai ashe haka fuskarsa take da rana, da ta sani da ta ƙara tunani kafin ta yarda da auren. Ya ce ai ta makara, kayan da aka saya ba a mayarwa. Ya yi ƙiba, tarin da yake fama da shi ya tafi. Iya kuwa ta rasa abin yi. Ta share ɗakin nan da safe kafin ruwan zafi ya tafasa ta gama, sai ta tsaya da tsintsiya a hannu kamar mai neman abin da ta manta. Ana nan ta ce ta sami taron addu'ar mata a wani masallaci, za ta riƙa zuwa. In mun watse da safe ta fita, kafin mu dawo ta dawo. Ƙafafunta suka fara kumbura. Ni nake shafa mata man zafi, na tambaye ta, ta ce tsufa ne. Mama ta ce wannan addu'a tasu da tsawo take, ko mutanen Legas ɗaya bayan ɗaya suke yi wa. Iya ta ce to ai Legas ɗin tana bukata.

Yaron mota ne ya tona. Wata Asabar muka yi anko za mu suna a Ketu, muka shiga danfo, motar haya, mu duka. Yana ganin Iya sai ya washe baki ya ce a'a, Iyar Ikorodu, yau kuma ina tsintsiyar, ko maigidan ya ba da hutu? Ya juya ya gaya wa direba wai ga budurwarsa nan ta yi kwalliya, a ba ta kujerar gaba kamar kullum. Iya ta ce masa ya rufe mata baki, ɗan banza mai haƙoran goro, wa ya tambaye shi. Fasinjoji suna ta dariya. Baba bai yi ba. Ya dubi ƙafafun Iya da suka cika takalminta har suka tumbatsa, ya sunkuyar da kai, bai ɗago ba har muka sauka.

Da muka dawo ta faɗi gaskiya. Ta ce da farko sau ɗaya ta yi niyyar zuwa, ta leƙa kawai. Ta tarar matar mai hayan, wadda ake kira Maman Tagwaye, ta baza barkono a kan kabarin tana shanyawa, ga wandunan yara a gefe. Matar ba da mugunta ta yi ba, wurin ne ya fi samun rana. Iya ta ce mata Alhaji dai yana son yaji a miya amma ba a kan ƙirjinsa ba. Matar ta durƙusa ta ba da haƙuri, ta kwashe. Amma da Iya ta ga ganyen lemo ya taru a kansa har ya ruɓe, sai ta ji ba za ta iya ba. Tun daga nan take naɗe tsintsiyarta cikin zane, ta shiga mota, ta sha cunkoso zuwa, ta sha cunkoso dawowa, don sharar da ba ta kai a dafa shayi ba. Hanyar da ta saki Baba ita ce ta kama Iya, mu kuwa muna ta murna.

Ban taɓa ganin Baba yana hawaye ba sai ranar. Ya ce shi ya tashi ne don kada hanya ta ci mutum a gidansa, ba don ya musanya mata kansa da uwarsa ba. Ya hana ta zuwa. Ya ce zai riƙa kai ta da kansa duk ƙarshen wata, zai kuma roƙi Maman Tagwaye ta riƙa sharewa. Iya ta ce to, ba ta yi musu ba. Ta ja kujera bakin taga ta zauna. Gwaggo, da ma ta yi faɗa da ya fi mana sauƙi. A ajiye mata amala da miyar ewedu, abin da ta fi so, sai ta taɓa gefe ta rufe. Ta daina yi mini kitso, wai hannunta ya gaji. Ta daina zagin Mutiyat in ta zubar da ruwa, har Mutiyat ta riƙa zubarwa da gangan ko za ta tanka. Labarin zuciya a tambayi fuska. Baba yana fita yana dawowa yana kallonta tana ƙanƙancewa cikin zanenta. Wata safiya ya gaishe ta, bai tashi daga ƙasa ba ya ce mata ta haɗa kayanta, ya ji, ya gani.

Masu hayan sun riga sun biya gaba, kuma da abin da suka biya aka kama gidan Bariga. Duk da haka Baba ya ce zai nemi yadda zai yi ya tashe su. Iya ce ta hana. Ta ce ba da sunanta za a fitar da mace mai goyon tagwaye da damina ba. Ita ta nuna ɗakin baya, inda muke ajiye kaya a da, don ƙofarsa tana kallon bishiyar lemon. Baba ya sake masa kwano, ya huda taga, ya yi fenti, ya kai mata gadonta da fanka. Ba zan ce miki ɗakin babba ne ba. Ƙarami ne, kuma duk wanda ya gani daga waje zai faɗi abin da aka faɗa miki. Amma da muka je wancan makon mun same ta tana cin abinci, ɗaya daga cikin tagwayen a cinyarta, tana yi wa uwarsu faɗa wai ba ta iya kaɗa miya ba.

Ni dai na yi rashi. Tun da aka yaye ni a bayanta nake kwana, yanzu in na juya sai in ji bango. Makarantata tana kusa, ina zuwa da ƙafa, amma in na dawo ba wanda zai ce in zo in faɗi abin da bature ya koya mini yau. Wani lokaci ina tunanin da tun farko mun tambaye ta da kyau, wataƙila da an sami wani wuri a tsakiya, ko wata dabara. Ban sani ba. Da na sani ƙeya ce.

Na gaya mata kin yi fushi da Baba. Ta ce in rubuta miki daidai yadda ta faɗa, kada in gyara: wai ki bar mata ɗanta ya sha iska, ba wanda ya kore ta, kowa kusa da wurin aikinsa yake zama, shi ya koma kusa da nasa ita ta koma kusa da nata. Ta ce kuma in kina da bakin faɗa ki zo ki yi a gabanta, ki taho mata da man ƙafa.

Abin da ban gaya mata ba shi ne, har yanzu Baba yana tashi a lokacinsa na da, ko da yake ba inda za shi. Ina jin sa yana zuwa ƙofar ɗakinmu ya tsaya. Ba ya shigowa. Sai ya jima sannan ya koma ya zauna yana jiran kiran salla. Ya sami safiyar da ya daɗe yana nema, amma ba hannun da za a ɗora masa a ka. Don Allah Gwaggo ki kira shi. Ba sai kin ce ya yi daidai ba, shi ma bai ce ba. Ki dai kira, kuma in da hali ki kira da asuba, lokacin ne ya fi bukata.

Ki gaida mini maigidanki Baban Kamoru, da shi Yaya Kamoru, da Sekina da ƙaramarku Abeke. Ki gaida Iya Latifa maƙwabciyarki da ta aiko mini da ɗan kunne bara, har yanzu ina sawa. Mama tana gaishe ki da kyau. Mutiyat ta ce a gaya miki haƙoranta suna hanya. Ki yafe mini in na faɗi abin da ya fi bakina.

Taki 'yar da take kewarki,
Rofiyat