Farar Rigar Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da Mama. Na ba direban motar kaya wannan takarda, tunda na san halinka da waya: ka ɗauka, ka ce “to”, ka kashe.

Mun iso sabon reshen masana'anta lafiya, ni da mai ɗakina da jaririya. Yaya, ka ga inda suka sa ni kuwa! Ɗakin haɗa fenti na musamman, wanda ake zuba wa garin nano. Wani farin gari ne mai laushin tsiya. Injiniya ya ce sai ka jera ƙwayarsa wajen dubu kafin su kai kaurin gashi ɗaya, kuma shi ke hana fenti kama datti. Ɗakin fes, bango fari, ƙasa sai sheƙi. Ba irin sitonka ba, inda mutum zai shiga baƙi ya fito fari. Nan ko ƙura ba ka gani, har takunkumin yadin da aka ba mu a aljihu yake wuni.

Sun ba ni farar riga mai aljihu uku, da sunana a ƙirji. Da ita nake komawa gida, maƙwabta har “likita” suke ce min. Ga hoto nan guda biyu, ɗaya naka, ɗaya na Mama.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni, hoton ma ya iso. Mama ta sa an yi wa nata gilashi, ta sauke kalanda ta rataye shi a falo. Duk baƙon da ya shigo sai an tashe shi tsaye ya kalla. Ni shekara goma sha huɗu ina kamfanin nan, ko hoton katin aikina ba ta taɓa cewa in nuna mata ba.

Ba zan ɓoye maka ba, abin ya tsaya min a rai. Ni na kai ka gaban manaja da hannuna. Ni na koya maka bambanta buhun alli da na launi, lokacin da ko ɗaga bokiti ba ka iya ba. Da aka zo zaɓen wanda za a tura, sai aka ce kai ne mai takardar makaranta. Ni da na san nauyin kowane buhu ido rufe, aka ce in ci gaba da riƙe makulli. To, ina riƙe da shi.

Garin da kake yi wa kirari ta hannuna yake biyowa, cikin durom, ni nake sa hannu kafin a loda. Saboda haka ka rage hura hanci, likitan fenti. Abin da aka rubuta a takardar kaya shi nake turawa, ba ƙari ba ragi. In kuna son wani abu, ai masu farar riga sun iya rubutu.

Ka gaishe da mai ɗakinka, ka shafa min kan 'yata.
Yayanka

*

Yayana,

Sallama da gaisuwa. Wata huɗu ba ka ce min ƙala ba. Direba ya ce da ya ambaci sunana sai ka sha mur. Haba Yaya, riga ce fa, ba sarauta ba!

Aiki sai godiya, an ƙara mana durom biyu a rana. Injin zuƙe iska na ɗakin ya lalace tun watan jiya, amma bai dame mu ba, tunda ba ƙura ba wari. In gari ya zube mu sa tsintsiya, in mun tashi mu hure rigunanmu da bututun iska.

Sai dai wani busasshen tari ya maƙale min. In zan hau benen ofis sai na tsaya a tsakiya ina haki kamar tsoho. Mai kemis ya ce sanyin ɗakin ne. Jaririya ma ta ɗauka, in tana barci ƙirjinta sai ƙugi. Uwarta ta ce ni na shafa mata, don ina shigowa nake ɗaukarta, ko riga ban cire ba. Ita kuwa rigar tana shan gata, kullum sai an kakkaɓe ta a tsakar ɗaki, ranar hutu a wanke a goge.

Kada ka gaya wa Mama maganar tarin, ka san ta da tashin hankali.

Naka, Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Yau ba doguwar gaisuwa, ka karanta wannan a zaune.

Na nemo takardar gargaɗin garin nan, na kai wa malamar asibitin kamfani ta karanta min layi-layi. Ƙurar sitona da kake yi wa dariya, hanci da maƙogwaro na tare mafi yawanta, mutum ya yi kaki ya tofar. Naku saboda ƙanƙantarsa wucewa yake har ƙuryar huhu, ya zauna, ya jawo kumburi. Ta ce wani ma yana iya ratsawa cikin jini. Mu da muka tashi a tsohuwar masana'anta da ido muke auna haɗari, in ba mu ga ƙura ba sai mu ce lafiya. Wannan ido ba ya ganinsa, ko da ya cika ɗaki.

Takunkumin yadi bai isa ba, sai na roba mai matata, wanda ke kama fuska gam. Takardar ta hana shara da tsintsiya, ta hana hurewa da iska, ta hana fita da rigar aiki daga masana'anta. Duka ukun kuna yi.

Ka bar ɗakin nan har a gyara injin. Ka fitar da rigar nan daga gidanka yau, ba gobe ba. Ka kai yarinya asibiti, kai ma a ɗauki hoton ƙirjinka.

Allah ya tsare.
Yayanka

*

Yaya,

Barka da aiki. Saƙo ya iso. Wato duk a zagaya a dawo, rigar dai ita ce ta tsone maka ido. Na karanta wa abokan aikina takardarka, har da mai riƙe ciki don dariya.

Wata huɗu kana kumbure-kumbure, rana ɗaya ka zama likita? Da garin yana da illa haka, ai da kamfani ya aiko mana da irin takunkumin da kake faɗa. Bai aiko ba. Ka fito fili kawai ka ce so kake in ajiye a ba ka. Wannan hassada ce, Yaya, kuma ba ta kamaci babba ba. Girmanka yana nan a idona, amma rigata tana jikina.

A gaida gida.
Auta

*

Ƙanina,

Assalamu alaikum. Direba zai miƙa maka kwali tare da wannan takarda. Ka buɗe shi kafin ka ƙarasa karantawa.

Kamfani ya aiko, Auta. Takunkumi goma sha biyu ne a ciki, da matatunsu, da takardar gargaɗin. Tare da durom na farko kwalin ya zo, da sunan reshenku a jiki, sai akawu ya manta bai sa shi a takardar kaya ba. Na gani. A ranar kuma hotonka ya iso. Na ce a raina, tunda su ne masu ilimi, su nema da kansu. Na tura shi ƙarƙashin teburina, wata biyar a kansa nake ɗora ƙafa in zan sha shayi.

Wallahi ban san abin ya kai haka ba, na ɗauka kayan ƙawa ne irin na masu farar riga. Sai da ka ambaci tarin yarinya na yanke shi da wuƙa. A takardata ta baya na so in faɗa maka, na so in turo shi, kunya ta hana ni. Na ce gargaɗi ma ya isa.

Ka ce hassada ce. Ita ce, ban musa ba. Na yi maka baƙin cikin rigar, da hoton, da yadda Mama ke kiran sunanka. Amma abin da ke cikin takardar gargaɗin ba ni na rubuta shi ba. Yau da safe na je gaban manaja na faɗa masa komai, har da injin da ya lalace. Ka zage ni yadda ka ga dama, amma ka kai min 'yata asibiti.

Yayanka mai laifi

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Mun je. Yarinya ta samu sauƙi tunda aka ɗaure rigar a leda aka mayar masana'anta. Ni kuwa likita ya ga tabo a huhuna duka biyu. Ya ce ba zai rantse garin ne kaɗai ba, ba kuma zai yi min alkawarin zai goge ba. Ya dai hana ni ɗakin har abada. Mutum uku cikinmu ke jiran sakamako.

Maganar kwali ban shirya yin ta ba tukuna. Mama ba ta sani ba, kuma ba daga bakina za ta ji ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Jiya na ji ana cewa tunda kai ka tona maganar, kai za a ba wurina, har an tambaye ni awon rigarka. Injin zuƙe iska har yau ba a gyara ba, fenti kawai aka yi masa. Kada ka zo, Yaya.

In ka ga dama ka ce hassada ce.

Ƙaninka, Auta