Na Binne Jirgina a Gulbi

Daren Asabar, damina ta biyu babu ruwa

Yau ce ranar da munka saba tseren kwale-kwale, amma gulbi rairayi ne daga nan har garin Isa. Na yi ta haƙa sai da na kai ga danshi, na binne jirgina don kada rana ta tsaga shi.

Yaya Ummaru ya iske ni. Ya ce, "Bello, mutane na ta yin kudu neman abinci, kai kana jana'izar katako? Fasa shi mu samu makamashi."

Na ce, "Yaya, fasa naka da bai taɓa zuwa na ɗaya ba."

Hannuwana na zogi. Ran da ruwa ya dawo za ni tono abina. In duk sun ƙone nasu, su tsaya bakin gaɓa su kalle ni.