Rigar Rawaya Ɗaya Ta Yi Rara

Zuwa ga Moelagi, sanyin iskar tsibirin Savai'i, ruwan kwakwar da aka fasa da tsakar rana, ke da kika hana ni zama wuri ɗaya,

Gwaggonki Fuatino ta kawo mini aikin buga rigunan taron zuri'arku. Kowane gida da launinsa: gidan babban kawu kore, na ƙaramin shuɗi, naku rawaya. Baƙi da mai ɗaukar hoto kuwa farare. A gaba kunkurun teku, a baya bishiyar zuri'a, don jikokin Auckland da ko gaisuwa ba su iya da harshenmu ba su san reshen da suka faɗo daga kai.

Wayyo reshenki! Na kowa ya yi ganye, naki ya miƙe shi kaɗai kamar kwakwar bakin gaɓa, da fili a gefensa daidai tsawon sunana. Na auna. Kada ki tambaye ni sau nawa.

Kin tuna ranar da kika shigo shagona a Fugalei, kika ɗaga rigar da nake taƙama da ita, kika ce kunkuruna ya yi kama da fasto bayan abincin Lahadi? Tun ranar hankalina ya bar kan aiki. Jiya rigunan mawaƙan coci na buga a kife.

Jumma'a zan zuba tawada, kuma abin da ta kama, wanki ba ya fitarwa. Taro na watsewa jirgi zai maida ke Auckland. To ni fa, ya hasken wata a kan murjani? In ƙare ina buga wa kowa asalinsa a baya, nawa bayan babu komai? In tsaya a filin taro na Safotu cikin farar riga, gefen mai hoto, ina hangen ki?

Gwaggo ta duba rigunan da zan buga, ta ce rawaya ɗaya ta yi rara, kuma mai ɗaukar tumbi ce. Na ce kuskure ne. Ta kalli cikina, ta ce, "Peniamina, ka gaya wa kuskuren kada ya zo mana hannu rabbana."

Ki aiko mini da kalma ɗaya kafin Jumma'a: rawaya ko fara.

Naki a kowane launi, har rigar ta koɗe ta zama tsumma, ni ban koɗe ba,
Peniamina